Neman Isiya a Kan Dutsen Kamaru

Tun da na dawo daga Kamaru ban samu sakat ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin shagon tela a nan Gummi, sai wani ya ce, "Malam Bello, wai da gaske ka taka girgije da ƙafarka?" Wani kuma ya ce ya ji Turawa ne suka ɗauke ni aiki. A makarantar da nake koyarwa har an laƙaba mini Mai Dutse. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma kullum in na bayar sai in tsallake wurin da ya fi nauyi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, in huta.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ƙanena Isiya na je nema.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya ɗauko mahaifinmu a babur daga kasuwar Bukkuyum, saniya ta gitta musu, suka faɗi. Baba ya cika kafin a samo mota. Isiya ya karye a ƙafa. Ranar sadakar uku, yana zaune da ɗauri, zaure cike da masu gaisuwa, na nuna shi da yatsa na ce, "Kai ka kashe shi da gudun banzanka." Da ƙafar ta warke ya ce zai leƙa Gusau neman aiki, shi ke nan, kamar ruwa ya ci shi. Magana zarar bunu ce. Na san haka tun kafin in rufe baki, amma girman kai ya hana ni bin sa tasha.

Bana da kaka wani falke ɗan Nasarawa Burkullu, mai kai wake kudu, ya zo har gida ya ce ya yi sallar Juma'a sahu ɗaya da Isiya a wani gari Buya, a gindin wani babban dutse cikin Kamaru. Ya ce in na je in nemi Malam Garba mahauci.

Inna ta ce, "Ɓuya? Sunan garin ke nan? Ai kuwa ya samu wurin da yad dace da shi." Sannan ta ce, "Ni ban cewa ka yi, ban cewa ka bari. Amma na tsuhwa."

Ana ba da hutun ƙarshen shekara na ɗauki jaka. Mako biyu gare ni. Matata ta cika mini leda da ƙuli-ƙuli da dakuwa da kilishi, kamar mai tafiya Makka a ƙasa.

Daga Gummi zuwa Gusau ba sai na ba ku labari ba, kun san hanyar, kun san tayar da ta saba fashewa tsakanin Daki Takwas da Anka. Ta fashe. Na kwana Kaduna, na wuce Makurɗi. Muna tsallake Binuwai Hausa ta fara ƙaranci a cikin mota, har ya zama in na yi magana sai a juyo a kalle ni. Na ja bakina na yi shiru. Ban san shiru yana gajiyar da mutum ba sai a tafiyar nan.

A Ikom, garin da ke kusa da iyaka, na kwana a barandar masallacin unguwar Hausawa. Kanawa ne galibi, 'yan goro. Suna jin na ce "awo" maimakon "e" suka fashe da dariya, wani ya ce, "Basakkwace, me ka zo saya a nan, ko ɓatan kai ka yi?" Suka ba ni teba da miyar wani ganye mai santsi. Na ci, don yunwa ba ta san baƙon tuwo ba.

Iyakar wata gada ce ta ƙarfe a kan kogi. A ɓangarensu jami'in ya fara yi mini Faransanci, da ya ga ina zare ido ya koma Turancin buroka. Ya nemi katin rigakafi. Katin kuwa yana can ƙasan jaka. Ina jawo shi ledar ƙuli-ƙuli ta yage, ya watse a kan teburin, har cikin takardunsu. Na zaci yau a tsare zan kwana. Sai na ga ya ɗauki ɗaya ya gatsa, ya kira abokan aikinsa. Yana tauna ya tambayi abin da ya kawo ni. Na nuna masa hoton Isiya, wanda ya ɗauka shekarar da ya gama sakandare. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini ya ce, "Malam, wannan yaron yanzu wani mutum ne daban." Ya buga hatimi.

Hanyar da ta tashi daga nan zuwa Mamfe, ko jakin Bukkuyum aka nuna wa ita sai ya ƙi. Ramuka ne da mota ke shigewa ciki har rufinta. Mu takwas a ƙaramar mota, direba yana raba kujerarsa da fasinja. Sau huɗu muna sauka turi, farar rigata ta koma ja. Wata mata ta ɗora mini kwando a cinya ba ko sallama. Can na ji wani abu mai sanyi yana bin hannuna. Ashe dodon koɗi ne cike da kwandon, manya kamar dunƙulen hannu, miya za a yi da su. Na yi salati da ƙarfi, motar duka ta ɗauki dariya. Matar ta cire shi daga hannuna a hankali, ta mayar, ta ce mini wani abu da yarensu. Ina jin haƙuri ta ba ni. Ina kuma jin dodon ta ba haƙurin.

Kwana na biyar na isa Buya. Gari ne a kan gangara, ko'ina hawa ne ko sauka, ga sanyi ga hazo. Na tambayi ina dutsen, aka nuna mini sama, ban ga komai ba sai girgije. Malam Garba mahauci mutumin Garwa ne, dattijo mai fara'a. Ya sauke ni a shagonsa, ya sa aka kawo mini fanke da dafaffen wake, abin karyawarsu ke nan, da wani burodi dogo kamar sanda.

Da na kwatanta masa Isiya ya ce, "Isa Kuku kake nufi, haka muke ce masa a nan, mai ɗingishi. Shi ke dafa wa masu hawan dutse abinci. Amma ka yi rashin sa'a. Yana can bayan dutsen, bakin wani marmaro, tare da wasu masu binciken tsuntsaye. Sai wata ya kama zai sauko."

Na ce, "Yana da iyali?"

"Babu. Mun yi, mun yi, ya ƙi. Bai taɓa ce mana yana da ɗan'uwa ba ma."

Ya kai ni ɗakin da yake haya a bayan masallaci. Da kwaɗo a ƙofar. Na leƙa ta taga: tabarma, buta, rediyo, riga ɗaya a rataye. Abin da shekara goma sha ɗaya ta tara ke nan.

A ofishin 'yan jagora suka ce ba a barin baƙo ya shiga dutsen shi kaɗai, kuma babu mai zuwa marmaron kai tsaye a makon nan. Amma gobe wasu Turawa biyu za su hau ta ƙololuwa su sauka ta can, kwana uku, in ina iyawa in bi su. Ni da ban taɓa hawan abin da ya wuce rumbu ba, sai dutsen Kwatarkwashi da nake hange ta tagar mota, na ce ina iyawa.

Jagoranmu sunansa Njiye, amma kowa Mola yake ce masa, wato kamar kawu a wurinmu. Gajere ne, ya kusa sittin, takalmin roba ne a ƙafarsa. Turawan tsofaffi ne daga Jamus, miji da mata, Mola yana kiran su Papa da Mama. Kowannensu da sanda biyu da takalmi kamar na soja. Akwai 'yan dako biyu, magidanta, da suka ɗauki kaya suka yi gaba, ba ma ganinsu sai a masauki. Ni kuwa kaftani ne da suwaita da takalmin da nake zuwa aji da shi. Mola ya dube ni sama da ƙasa, ya girgiza kai, ya saro mini sanda.

Rabin yinin farko cikin kurmi muka yi shi. Itatuwa duk sun yi gemu da gansakuka, ƙasa jiƙe, rana ba ta isowa. Sai kwatsam kurmin ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa, muka fito fili, ciyawa zalla. A nan Mola ya tsinko ganye ya raba mana, ya ce al'adarsu ce a yi rawa a gaida mai dutsen kafin a wuce. Papa da Mama suka kama rawa suna dariya. Na ce masa ni addinina bai ba ni ba. Bai ji haushi ba. Ya ce, "To ka gaida naka, Malam, ka sa mu a ciki." Na koma gefe na yi addu'a.

Daga nan ne na san na hau dutse. Ba tafiya ba ce, hawan bango ne. Akwai wani itace guda ɗaya tilo a can sama, Mola ya ce a gindinsa za mu huta. Ina ganinsa kamar in miƙa hannu in taɓa, amma muka yi awa biyu yana nan inda yake. Kafin mu kai, iska ta fizge mini hula, ina kallo ta yi ƙasa tana juyi har ta ɓace. Mama ta ciro wata hular ulu ja mai tuntu ta ba ni. Da ɗalibaina sun gan ni a cikinta, da na gama koyarwa a Gummi.

Na yi ta mamakin mutanen nan. A wurinmu ba mai hawan tudu sai wanda akuyarsa ta ɓace. Su kuwa sun baro gidajensu, sun tsallako teku, don kawai su sha wannan wahalar, kuma in sun ga ƙwaro sai su durƙusa su ɗauke shi hoto. Amma na lura da abu guda: duk inda hanya ta yi tsauri, tsohon zai tsaya ya jira matarsa, ba ya ce mata komai, sai ta iso su ci gaba. Ni ba mai jira na. Ina can baya, daga ni sai numfashina.

Da la'asar sakaliya muka isa masauki, wata bukkar kwano da dakalin katako a ciki. A nan ne maganar girgijen da kuke tambaya: gaskiya ne, yana ƙasa da mu, shimfiɗe kamar an baza auduga a kan tabarma. Ruwa kuwa sai wanda aka ɗauko a jarka, shi ma na sha ne kawai, ba na alwala ba. Na yi taimama da wata baƙar ƙasa mai kama da garin gawayi. Da rana ta faɗi na tsaya ina jiran in ji ladan, sai na tuna inda nake. Tun da aka haife ni ban taɓa yin magariba ban ji kiran salla ba. Na kira da kaina, a hankali, iska tana kwashe muryar. Na yi ni kaɗai.

Sanyin wurin ba ni da abin kwatanta muku shi. Ɓeraye kuma suka cinye mini dakuwa.

Kwana na biyu na tashi da ciwon kai kamar ana daka a ciki. Mola ya ce iskar sama ce ba ta da ƙarfi, haka take yi wa baƙo. Ciyawa ma ta ƙare, sai baƙin dutse. Taku goma, in tsaya. Taku goma, in tsaya. A wata ƙaramar bukka ta ƙarshe na amayar da shayin da na sha, na zauna na ce ba zan iya ba.

Mola ya tsuguna kusa da ni. Ya ce in na ga dama ɗan dako ɗaya ya mayar da ni gari. Sannan ya ce, "Amma me ya sa malamin makaranta ya hau nan da takalmin ofis?"

Na gaya masa. Duka na gaya masa, har abin da na faɗa a zaure, wanda ko matata ba ma tayar da shi da ita. Wataƙila don na san ba zan sake ganinsa ba.

Ya ce, "Isa ɗan'uwanka ne? Na hau dutsen nan da shi ba adadi, da wannan ƙafar tasa, da tukwane a ka. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Amma bai taɓa zama ya ci abinci tare da mu ba. Sai kowa ya ƙoshi ya ɗauki saura ya koma gefe."

Na tashi.

Ƙololuwar da kuke ta tambaya, ku yi haƙuri, ban ga komai ba. Hazo ne da iska mai neman ture mutum, da tsibin duwatsu. Papa ya rungume Mama ya sumbace ta a gabanmu, na kau da kai. Suka sa ni a tsakiya aka ɗauki hoto. An ce in sama ta washe ana hango teku. Ni dai abin da nake so in sauka.

Saukar ta ɗaya ɓangaren cikin toka muka yi ta, ƙafa tana nutsewa har idon sawu. Muka ratsa inda dutsen ya yi aman wuta shekarun baya, fili guda baƙi ƙirin, kamar an yi huɗa an ƙone ta, ba tsuntsu ba ciyawa. Wasu ramukan har yanzu suna warin farar wuta. A nan tafin takalmina na dama ya ɓalle, Mola ya ɗaure mini shi da igiya.

Bayan la'asar muka hango tantuna a bakin kurmi. Wani mutum yana tsugune wurin marmaro yana wanke tukunya, ya ba mu baya. Da ya miƙe ya taka, na gane ɗingishin. Na tsaya. Duk maganar da na shirya tun daga Gummi ta gudu.

Na ce, "Salamu alaikum."

Ya amsa bai juyo ba. Sai hannunsa ya tsaya. Ya waiwayo a hankali. Furfura a gemun ƙanena. Ya dubi hular nan ja, ya dubi takalmin, ya dubi fuskata.

"Yaya?" Tukunyar ta suɓuce masa. "Inna ta rasu?"

"Tana nan da ranta. Lahiya lau take."

Ya zauna a kan dutse, ya rufe fuska da hannu biyu.

Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya ɗora ruwa ya zuba mini a roba na tsoma ƙafafuna. Ya sallami baƙinsa da nasu abincin, sannan ya tuƙa tuwon masara, ya kaɗa miyar kuka, ashe yana ajiye da kuka da daddawa a gwangwani. Ya ajiye mini kwanon zai koma gefe. Na ce, "Zo mu ci." Ya wanke hannu, ya zauna. Muka yi ta kewaye-kewaye, wa ya rasu, wa ya yi aure, gulbi ya ci gonar wa. Hausarsa ta yi nauyi, yana yi yana laluben kalma.

Da muka wanke hannu na ce, "Isiya, maganar da na hwaɗa maka a zaure. Na zalunce ka. Ka yahe mani."

Ya ce, "Baba bai cika nan take ba. Ya yi magana. Kansa na bisa cinyata."

Ban taɓa sani ba. Ba wanda ya tambaye shi.

"Cewa ya yi, ka ce ma yayanka kar shi yi maka hwaɗa. Laihin saniya na, ba naka na ba. Sannan ya yi shahada."

Na rasa inda zan sa kaina. Tsohon yana kwance cikin jini a gefen hanya, amma ya san halin da zan nuna, kuma na nuna shi. Na ce, "Don mi ba ka hwaɗa ba?"

"Wa za shi yarda? Sai a ce na ƙaga don in wanke kaina." Ya tura itace cikin wuta. "Kuma ina gudu, Yaya. Hadari ya taso, ina son mu iso gida kahin ruwa. Ba ƙarya ka yi ba."

Na yi kuka, ba na ɓoye muku. Shi bai yi ba. Ya ce ya yafe tun da daɗewa, kansa ne ya kasa yafe wa. Da magariba ta yi ya ce in ja mu. Muka yi sahu mu biyu.

Na so mu sauko tare da safe. Ya ce ya ɗauki alkawarin mutane, ba ya barin su ba mai dafa musu. Na ce to bayan nan fa? Ya ce, "In Allah ya so. Ban san da wace huska zan shiga gidan ba, amma in Allah ya so." Ya cire takalminsa ya ba ni, ya sa nawa mai igiya. Ya ƙulla ganyen shayi da kwalbar zuma ya ce a kai wa Inna. Ya raka mu har inda kurmi ya fara, ya tsaya. Na waiwaya sau biyu yana nan. Na uku itatuwa sun rufe.

Komawar ba ta da labari. Hanya ɗaya ce, ramukan nan ne, sai dai kujerar da na yi ta ƙiyasta masa a kowace mota, wani ne a kai.

Na iso Gummi ana gobe za a koma makaranta. Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa, ta ci gaba da tsintarta.

"Ka ganai?"

"Na ganai, Inna."

"Shina lahiya? Mi shika ci?"

Na ba ta labari duka, har saƙon Baba. A nan ta ajiye faifan, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe sai ta ce, "Wurin da sanyi?"

Na ce sanyin da ban taɓa ji ba.

Washegari ta aika aka kira masaƙin unguwarmu, ta ba shi zaren da ta daɗe tana kaɗawa, ta ce gwado take so mai kauri. Ranar da aka kawo shi ta ninke ta ɗora a kan akwatinta. Na ce, "Inna, wa za shi kai mashi? Falken nan sai baɗi."

Ta ce, "In ya zo, ya iske shi nan. In bai zo ba, ai yanzu ka san hanya."

Gwiwoyina har yau ba su daina ciwo ba. Amma na riga na sa an yi wa takalmin nan nasa sabon ɗinki.